Sun Ramboshi a Tafkin Kainji: Hanyar da Na Bi, da Inda Sa'a Ta Tsaya

Tun da na bar kiwon tarwaɗa na koma su a tafkin Kainji, abokan sana'ata na da suke ta kirana a waya, kuma tambayarsu ba ta wuce uku: wa ake fara gani, nawa ake kashewa, sannan kama babban kifi irin ramboshi, ɗan'uwan tarwaɗa, iyawa ce ko kuwa sa'a ce kurum. Kati yakan ƙare magana ba ta ƙare ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance mini tun daga farko, don mai niyya ya san inda zai sa ƙafa. Ni ba ɗan masunta ba ne. A Kontagora nake da tankunan siminti, ina sayen 'ya'yan tarwaɗa in ciyar da su wata biyar ko shida, su kai kilo guda, in sayar wa masu farfesu da masu gashi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, injin da ke jawo mini ruwa ya gagare ni, buhun abincin kifi kuma kullum da sabon kuɗinsa. Na kwashe kifin ƙarshe, na biya bashi, na ƙulle abin da ya rage na nufi Yauri wajen kawuna, wanda ya daɗe yana fataucin banda zuwa Anaca. Da kaka na isa.

Mutumin gari yakan ɗauka ofis ake fara zuwa. A bakin ruwa ba haka ake yi ba. Kawu ya ce mini takardar gwamnati tana hana jami'i ya kama ka, amma ba ita ke ba ka wurin zuba ƙugiya ba, don haka Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan wurin, shi ne farko. Muka sayi goro, muka shiga jirgin haya zuwa wata tunga, wato ƙauyen masunta, da ke kudu da Yauri inda yake sayen kifi. Mun tarar da Sarkin Ruwa yana shari'a tsakanin mutum biyu da kallinsu, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa, ya sarƙe da na juna, muka zauna gefe har aka yi azahar. Da aka gama, kawu ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ƙanwata ne na kawo, yana son ya ci abinci a ruwa." Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ka iya iyo?" Na ce na iya na rafi. Ya ce na rafi ai wanka ne, mutane suka yi dariya. Daga nan ya tambayi wane irin su nake so, wa zai tsaya mini idan wani abu ya taso, ina kuma zan kwana. Ya karanta mini dokokin tungar ba tare da takarda ba: ba a zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai guba, a ruwa, ba a ɗaga ƙugiya ko gurar wani, wato tarkon kifinsa, ko da ka ga kifi na mutuwa a ciki, ba a gitta layin ƙugiyoyi a kan layin wani, kuma in aka yi shelar wani bai dawo ba, kowa zai ajiye sunsa a fita nema. Bai ce ya karɓe ni ba, bai ce bai karɓe ni ba. Cewa ya yi in koma sai ya neme ni. Wannan jiran ya dame ni ƙwarai, don ina ta cin kuɗin jari a zaune, amma daga baya na gane bincike ake yi a kaina, saboda halin tsaron da yankin ya shiga ba a karɓar baƙo da ka. Da saƙo ya zo, sai na tarar har an zaɓa mini maigida, wani tsohon Basarke da kowa ke kira Baba. Ban biya ko sisi ba ban da goron nan da ɗan abin gaisuwa.

Bayan haka ne na je ofishin kula da kamun kifi neman lasisi. A nan akwai abin da ke rikita mutane: tafkin ya ratsa jihohi biyu, Kebbi da Neja, don haka kafin ka hau mota ka tambayi mutanen tungarka ɓangaren da suke yanka nasu. Na tafi da hoto ƙarami guda biyu da katin shaidar ɗan ƙasa, aka tambaye ni sunan tunga, da sunan Sarkin Ruwanta, da irin kayan da zan yi aiki da su, domin kuɗin ya danganta da kayan: na mai ƙugiya daban, na mai kalli daban, na mai birgi, wato ragar jefawa, daban. Nawa bai kai kuɗin kwalin ƙugiya ba. Abin da ya ci mini rai shi ne zaman jira, don mai sa hannu ya fita rangadi, sai da na sake dawowa. Ka tabbata ka karɓi rasit, ka sa shi a leda, ka kuma sani duk shekara ake sabuntawa. Wani jami'i mai kirki ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da doka ta hana. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. A Kainji kuma, tun zamanin aikin haɗin gwiwa da aka yi da Jamusawa a shekarun 1990, aka tsara yankan lasisi, aka hana jan dala, wato doguwar raga mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa, aka hana kallin da idonsa bai kai inci uku ba. Na ce, "Yallaɓai, ni ƙugiya ce tawa." Ya ce ai kowa da ƙugiya yake farawa, sai yunwa ta zo ya tuna da dala.

Sayen kaya tare da Baba muka yi, kuma ina ba kowa shawarar kada ya shiga shagon kayan su shi kaɗai. Jirgin katako na hannu, wanda aka toshe ɓarakarsa da kwalta, naira dubu 120 na saye shi. Ƙugiya, igiya, zaren ɗauri, filafili biyu, tocila da rigar kariya suka ci kusan dubu 70. Farashin ƙarshen 2023 ke nan, yanzu kam sai ka tambaya. A kan rigar kariya matasan tungar sun yi mini ba'a, ban kula su ba. Duk wanda ya ji labarin jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 da mutanen da suka tafi a ciki ba zai ji kunyar sa ta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lambar ƙugiya, wadda take tafiya a juye: mai lamba 14 ƙarama ce, mai lamba 6 ita ce babba. Layi kuma iri biyu ne. Akwai mamari, mai ƙugiyoyi kusa da kusa, ba a sa masa ƙoto, kifi mara ɓawo ne ke gogar sa ya sarƙe a jiki. Akwai kuma layi mai ƙoto, wanda ake ba ƙugiyoyinsa tazarar gaba guda ko fiye, a ɗaura dutse a kowane ƙarshe, a sa jarka ta zama alama. Baba ya ce mai neman na miya ya yi mamari, mai neman ramboshi ya yi mai ƙoto da babbar ƙugiya, amma ya shirya kwana da yunwa, don ƙaramin kifi ba ya iya haɗiye ta.

Na zo da tunanin na san tarwaɗa, tunda shekaru na yi ina ciyar da ita. Ramboshi ɗan'uwanta ne, amma in ka duba bayansa za ka ga bambanci: ita tarwaɗa fiffike ɗaya ne dogo tun daga wuya har wutsiya, shi kuwa biyu ne, na bayan tsoka ce zalla ba ƙashi. Da shi ake yi wa tarwaɗa barbara a fitar da irin nan mai saurin girma da wasunmu ke kiwo, kuma cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa ta daɗe tana aiki a kan irin wannan. A ruwa yakan kai kilo talatin, akwai ma wani jinsinsa da ke haura hamsin. Da dare yake farauta, da gashin baki yake lalube, ƙamshi da motsi yake bi ba gani ba. Duk wannan na sani ko na ji. Abin da ban sani ba shi ne ƙasan ruwan, kuma nan ne sana'ar take. Kafin a gama madatsar Kainji a 1968, wurin nan kogin Kwara ne da tsibirai da gonaki da garuruwa. Ruwa ya ci su, aka tashi mutane sama da dubu arba'in, har tsohuwar Bussa ta nutse. Tafkin da ya kai tsawon kilomita 130 da wani abu, wanda baƙo ke gani shimfiɗe bai ɗaya, a ƙasansa akwai tsohuwar hanyar kogi, akwai kwazazzabai, akwai duwatsu, akwai kututturan itatuwa a tsaye har yau. Baba yana yaro aka yi tashin nan. Ya taka wuraren da ƙafarsa, mahaifinsa kuma ya nuna masa sauran. Yakan tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa, ya karkata kai har wata bishiyar giginya ta daidaita da kan wani dutse, ya juya ya daidaita wata hasumiyar waya da bakin tsibiri, sannan ya ce in saki dutse. Sai in ga igiya ta tafi gaba huɗu ta tsaya, mu matsa kaɗan ta tafi gaba tara. A kan wannan gaɓar ake shimfiɗa layi, ba a cikin ramin ba, ba kuma a tudun ba.

Sai kuma lokaci. Kwara tana cika sau biyu a nan. Farin ruwa yana zuwa daga watan Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminarmu ne, ya ɗauko laka. Baƙin ruwa kuma na duwatsun Gini ne, wanda ke ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, sai da sanyi yake iso mu, garau da shi. Da na fara fita tsakiyar baƙin ruwa muke, tafki a cike, kifi ya bazu cikin ciyawa da gonakin da ruwa ya hau. Aikina shi ne neman ƙoto da yamma: ƙananan karfasa da kawara masu rai, kwaɗi, katantanwa, wani lokaci hanjin kaza daga wajen masu fiɗa. Wasu na sa sabulu, yana kuwa kama tarwaɗa, amma Baba ya ce babba ya fi son abin da ke motsi. Ya koya mini soke ƙaramin kifi ta baya yadda zai kwana yana iyo bai mutu ba. Mukan zuba layi gab da magariba, mu ɗaga da asuba bayan salla. Makonni suka shige muna samun tarwaɗa matsakaita, da kurungu, da ragon ruwa jefi-jefi, abin da zai biya abinci da gyaran ƙugiya. Hunturu ya farfasa mini hannu, igiya ta yanka inda ya fashe. Akwai asubar da muka hango dorina tsakaninmu da jarkarmu, muka koma gida muka bar layin sai da rana ta ɗaga, kafin nan ƙoton duk ya lalace. Duk ranar da muka dawo ba komai na tambayi Baba dalili, amsarsa ɗaya ce: "Ba mu da rabo yau." Na yi ta jin haushin amsar nan, don na ga ban koyi komai daga cikinta ba.

A cikin wannan hali ne wani abu ya faru da ya kusa sa in tattara in koma gida. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba ya jefa fatsa a mashaya, inda mata ke wanke tukwane, da tana a bakin 'yar ƙugiyarsa. Ramboshi ya haɗiye, kuma maimakon ya nufi zurfi sai ya kutsa cikin ciyawa ya maƙale. Yaron ya yi ihu, maza suka faɗa ruwa suka danne shi. Da aka ɗaga shi, tsawonsa ya kai kafaɗar yaron. Tunga ta ɗauka, kowa na cewa sa'a ta fi manyan kaya. Ni da na zuba kusan dubu ɗari biyu, nake tashi tun kafin kiran salla, na tsaya ina kallon yaro da zaren naira ɗari ya yi abin da ban yi ba. Da dare na ce wa Baba, in dai haka ne, wahalar me muke sha? Ya yi shiru yana gyaran ƙugiya, can ya ce, "Ɗan Kontagora, mai talla ba ya tilasta wa kowa saye. Amma wanda ya aje farantinsa bakin hanyar kasuwa da wanda ya aje bayan gari, ba su zama ɗaya. Yaron ga, wani ya ɓace hanya ya biyo ta bayan gari ya saye nashi. Ka bari mu gani in za a sake ɓacewa gobe." Washegari yara sun fi ashirin a mashayar nan da fatsa. Har na rubuta wannan ba a sake kama irinsa a wurin ba.

Daga ranar na dawo da wata ɗabi'a ta zamanin kiwo, wato rubutu. Na sayi littafi, duk safiya in tsaya inda jirage ke sauka in rubuta wanda ya kawo babban kifi, da irin kayansa, da hasken wata a daren, da yanayin ruwa. A mako guda ba ka ganin komai, abin kamar caca: yau wannan, gobe wancan, jibi babu kowa. Sai da watanni suka taru sannan hoton ya fito. A tungar da ke da jirage da yawa, sunayen mutum huɗu ne ke ta dawowa a littafin, Baba na cikinsu. Sauran kowa yakan samu sau ɗaya ya yi ta ba da labari. Su huɗun nan ma sukan yi kwana da kwanaki ba su kama ba, ba wanda ya isa ya ce gobe zai kama. Amma in ka haɗa na wata uku, ba a haɗa su da kowa. Na kuma lura dukkansu suna yawan kamawa a daren duhu fiye da na farin wata, suna canja wuri da zarar ruwa ya ja da baya taku kaɗan, kuma ba wanda ke barin tsohon zare a ƙugiyarsa. In ka tambaye su, su ma cewa za su yi Allah ne ya ba su. Gaskiya suka faɗa, kuma ladabi ne, sannan hanya ce ta rufe baki, don ba mai gaya maka giginyar da yake daidaitawa da dutse. Kuskuren baƙo shi ne ya ji wannan amsa ya ɗauka ba abin da za a koya. A nan ne ma masu sayar da laya da turaren kiran kifi suke samun kasuwa, kuma na lura ba sa zuwa wajen mutum huɗun nan, wajen irina suke zuwa. Ni dai ban saya ba, na bar wa kowa imaninsa.

Da bazara ta yi nisa ruwa ya ja sosai, kifi ya taru a tsohuwar hanyar kogi, Baba ya mai da layinmu kusa da bakin wani rafi da ke shigowa tafkin. Ya ce da ruwan farko ya sauka a tudu, rafin zai kawo ja-jan ruwa da ƙwari da kwaɗi, manya kuma za su taso su tare bakinsa, don lokacin ƙwansu ya gabato. Wannan ne lokaci mafi haɗari, saboda iskar farkon damina tana tasowa ba sallama, igiyar ruwa ta kife ƙaramin jirgi. Daren da aka yi ruwan, a tudu muka kwana. Da asuba muka tarar jarka ɗaya ta nutse rabi tana rawa. Ina kan gaba ina jan layi, sai na ji an fizge ni har gwiwata ta bugi katako. Abin da jikina ya ba ni shi ne in naɗe igiyar a hannu in ja da ƙarfi. Baba ya daka mini tsawa: "Kar ka naɗa! Sake mishi!" Wanda ya naɗa, ko dai zare ya tsinke, ko kifin ya ja shi cikin ruwa da sauran ƙugiyoyi a jikinsa, kuma an sha rasa mutane ta haka. Na saki, ya tafi, ya tsaya, na jawo a hankali, ya sake tafiya. Shi kuwa Baba yana baya da filafili yana juya jirgin don kada kifin ya shige ƙarƙashinmu, yana kuma kau da mu daga wajen da ya san akwai kututture, domin in ramboshi ya sami itace ya zagaye shi sau ɗaya, shi ke nan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai ga gari ya waye sarai. Da ya gaji ya taso ya nuna ciki, Baba ya ce in koma tsakiya in zauna a ƙasa. Ya sa hannu ta bayan kan, yana kauce wa ƙayar gefe, ya zura igiya ta baki ta fito ta kunne, ya ɗaure shi a jikin jirgi. Ba mu ɗora shi ciki ba, a ruwa muka jawo shi har gida da ransa. Da na duba ƙugiyar, ta fara miƙewa. Da mai lamba 10 ce da tuni ta buɗe.

Hannuna na rawa, bakina ya ƙi rufuwa. Baba kuwa cewa ya yi, "Yau muna da rabo," da muryar da yake faɗin ba mu da shi. A lokacin na fara rarrabe abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu. Cewa kifin nan ya biyo ta bakin rafin a wannan dare, ya tsallake ƙugiyoyin wasu mutum biyu da ke kusa da mu ya ɗauki tamu, ba mu muka yi ba. Amma kasancewar layinmu a wurin tun kafin ruwa ya sauka, da girman ƙugiyar, da sabon zare, da ƙoto mai rai, da sakin igiya, da kauce wa kututture, duk aikin Baba ne. Maƙwabcinmu ma an ɗauki tasa a makon, ya dawo da zare a tsinke yana cewa ba rabonsa ba ne. Na ga zaren, ya yi wata biyu a ruwa.

Sayarwa ma mataki ne mai nasa ilimi. Babban kifi mai rai da matacce ba kuɗinsu ɗaya ba, shi ya sa ake jawo shi a ruwa. A bakin ruwa ba a awo, da ido ake ciniki, kuma ba kai za ka yi magana da mai saye ba, dillali ne. Kawu ya sa aka ɗora shi a sikelin masu hatsi don in san abin da nake sayarwa, ya yi kilo 19 da ɗoriya. Aka taya dubu 30, Baba ya kau da kai. Aka yi ta hawa har wani mai kai kifi Abuja cikin ƙanƙara ya sallama a dubu 46. Dillali ya cire la'adarsa, aka fitar da ɗan abin da ake kai wa Sarkin Ruwa in an yi babban kamu, sauran aka kasa uku yadda muka yi alkawari tun farko: kashi ɗaya na jirgi da kaya, ɗaya na Baba, ɗaya nawa. Wannan alkawarin ku yi shi gaban shaidu tun ranar da aka haɗa ku, don a tungar na ga abota ta lalace a kan kifi ɗaya. Kuma kada kuɗin ya ruɗe ka. In ka raba shi a kan safiyoyin da muka dawo da na miya kawai, za ka ga ba babban kifi ke riƙe gidan masunci ba. Tarwaɗa da kurungu na kullum su ne abinci, shi ya sa ko su Baba ba sa rabuwa da gura da ɗan mamari a gefe.

Abu ɗaya da dattawan suka yarda da shi baki ɗaya shi ne manya sun ragu. Jirage sun yi yawa, ana kwashe ƙanana da raga mai ƙaramin ido kafin su girma, kuma ramboshi ba ya kai kilo ashirin a shekara ɗaya ko biyu. Ina ganin wannan ne ya sa matasa suka fi tsofaffi yarda cewa abin sa'a ne zalla: idan kifin ya yi ƙaranci, har gwani sai ya daɗe bai gamu da shi ba, sai a ga kamar shi da ɗan koyo duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, sai dai bambancin ba ya fitowa a mako guda, kuma mai ƙaramin jari ba ya iya jiran ya fito.

Don haka wanda zai zo, ya zo da kuɗin abincin wata uku ban da na kaya, ya zo da wanda zai tsaya masa, ya koyi iyo na gaske kafin ya taka jirgi. Kada ya sayi injin tun farko, mai zai cinye shi. In kuma da hali, kada ya zo da kaka irin tawa. Ya zo wajen watan Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da tafkin ke kaiwa ƙarshen ja da baya, ruwa ya sauka kusan mita goma daga inda yake da sanyi. A lokacin kawunan kututture da duwatsu da bakin tsofaffin rafuka suke fitowa fili, mutum ya gan su da idonsa, ya daidaita su da bishiya ko dutse a tudu ya rubuta, kafin farin ruwa ya zo ya rufe su. Baba bai nuna mini duk wurarensa ba, kuma ban sa rai zai nuna ba, yana da 'ya'ya. Nawa na kaina da na tara a littafi a bana su zan gwada idan baƙin ruwa ya fara ja da baya.